Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kyanwa Da Sauyin Hali

Duk wanda ya nazarci karin maganar Hausa da tatsuniyoyinta zai tarar cewa Bahaushe ya daɗe da yanke wa kyanwa hukunci, kuma bai taɓa zama ya ji ta bakinta ba. In ya ga ta lafe a gindin rumbu sai ya ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai. In mutum ya yi nadamar da ba ta kai zuci ba sai a ce tuban muzuru. In kuwa ana son a nuna mutum ba shi da wani kataɓus sai a kira shi kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, wato dai ko lafiyar halinta ma abin zunɗe ce. Hatta a cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, labarin kyanwa da ɓera bai bar ta da wani mutunci ba. A duk waɗannan wurare kyanwa ita ce abin tsoro. Ba mu ci karo da inda aka nuna ta a matsayin wadda tsoro ke kamawa ba.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin adabi da wannan batu, a mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da gajerun labarai? Amsar tana cikin abin da muke nanata wa ɗalibai a aji kowace shekara, cewa tauraro ba ya sauya hali a tsakiyar labari haka siddan. In marubuci ya ɗauko mana mutum mai haƙuri a babi na ɗaya, ya mayar da shi mafaɗaci a babi na huɗu, tilas ya nuna mana abin da ya auku tsakani, in ba haka ba mu rage masa maki. Wannan ƙa'ida da muke tsare wa mutanen cikin takarda, ba kasafai muke tsare wa dabbar da ke kwana da mu cikin gida ba.

Kyanwar gidanmu, wadda yara suka laƙaba wa Toka saboda launinta, ta zo mana a 2015 tana 'yar ƙarama, kyauta daga wani mai sayar da hatsi a unguwar Sabo ta wannan gari. Shekara bakwai ta yi da mu a gidajen ma'aikata ba a taɓa jin kanta ba. Tana da wurin kwanciyarta a kan tagar ɗakin karatu, tana da lokacin cin abincinta bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, kuma 'yarmu ta fari ce ke zuba mata. Bahayarta a cikin wani tsohon daro mai yashi take yi a bayan madafa, ta binne, ta kama gabanta. Baƙo in ya shigo sai ta zo ta goga masa kumatu a ƙafa, ko yana so ko ba ya so.

Abokan aiki ba su manta da yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ba, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas cur gidan a cike yake dare da rana. Muna ɗakin karatu tun hantsi har la'asar, ita kuma tana kan taga. Da aka janye yajin, abubuwa suka zo a jere cikin mako biyu. Masu gyaran gidaje suka shafe ɗakuna da sabon fenti, aka fitar da kujeru aka mayar ba bisa tsarin da ba, aka wanke labule. 'Yarmu ta haɗa kayanta ta koma jami'arta a Arewa. Mu kuma muka koma fita tun sassafe, ba dawowa sai duhu, domin ana son a cimma karatun da aka rasa.

Farkon abin da mai ɗakinmu ta lura da shi shi ne kwanon abinci da ke kwana ba a taɓa rabinsa ba. Daga nan Toka ta ƙaurace wa taga, ta koma ƙarƙashin gado, can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa. In ta fito sai ta riƙa tafiya ciki na jan ƙasa, kunnuwa a kwance, baƙin idonta ya buɗe ya cika ido ko da tsakar rana. Ta shiga lasar mararta ba ji ba gani har gashin wurin ya fara zubewa. Sai kuma abin da ya tayar da hankalin gida: aka wayi gari ta yi fitsari a kan tabarmar falo, washegari a cikin bahon wanka, ɗan kaɗan kaɗan, wani da alamar ja a ciki. Ran nan da yamma autanmu ya sunkuya zai ɗauke ta daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba tun yana rarrafe, ta juyo ta yi masa huci, ta zabga masa yakushi a hannu har jini ya fito.

Kafin dare labari ya zaga layi, fassara kuma ta yi yawa. A nan Kudu, kamar yadda kowa ya sani, mutane da dama ba su saki jiki da kyanwa, suna danganta ta da maita, kuma mu ma a Arewa ba mu da bakin yi musu dariya, tunda mun taso muna jin cewa baƙar mage da dare ba lalle mage ba ce. Wata maƙwabciya ta ba da shawarar a sa ta a buhu a kai ta bayan gari a saki. Gwaggonmu kuwa, da aka ba ta labari ta waya, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, dabba tana ganin abin da ba ka gani. Ku yi ta addu'a, ku kuma raba ta da yaran nan." Addu'a dai mun yi. Raba ta da gidan ne muka ga bai kamata a yi da gaggawa ba, domin yaron da aka yakusa shi ne ya fi kowa kuka da jin maganar buhu.

Sai dai akwai tsoro guda wanda ba na camfi ba ne, kuma ya wajaba a faɗe shi ƙarara. Sauyin hali farat ɗaya yana daga cikin alamomin ciwon haukan kare, wanda ke kama kyanwa ma, kuma yana nan a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Shawarar da hukumar ke bayarwa ita ce a wanke raunin cizo ko yakushi da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Haka aka yi wa yaron. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne katin Toka ya nuna an yi mata allurar rigakafi a shekarar, ba ta da wani tabon cizo, kuma aka ce a sa mata ido na kwana 10, domin dabbar da ciwon ya riga ya bayyana gare ta ba ta kai wannan wa'adi da lafiya. Duk mai kyanwa ko kare a gidajen nan da bai san ranar da aka yi wa dabbarsa allura ba, ya kamata ya bincika tun kafin irin wannan dare ya same shi.

Likitar dabbobin da muka kai wa ita ta ba mu sha'awa, domin tambayoyinta irin na mai nazarin labari ne. Ba ta fara da cewa me kyanwar ta yi ba. Cewa ta yi, "Malam, yaushe ne rana ta ƙarshe da ka gan ta yadda ka san ta? Me ya sauya a gidan daga ranar?" Ta bayyana mana cewa a sana'arsu ba a cewa babbar kyanwa fargaba ke damunta sai an fara tabbatar da cewa ba ciwo ne a jikinta ba, domin kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Dalilin haka yana cikin asalinta. Ita mafarauciya ce mai farauta ita kaɗai, kuma ƙanƙantarta ta sa ita ma abin farauta ce ga waɗanda suka fi ta. Dabbar da ke cikin wannan hali, in ta nuna rauni ta kira wa kanta ajali. Saboda haka maimakon ta yi kuka kamar kare, sai ta janye jiki, ta rage motsi, ta daina tsalle, ta ƙi a taɓa ta. Ko ƙugin nan na maƙogwaro da takan yi in ana shafa ta, wanda muke ɗauka alamar jin daɗi ce, wani lokaci cikin ciwo take yin sa.

Cututtukan da kan zo da sigar sauyin hali suna da dama. Akwai ciwon haƙori, wanda kan sa ta tunkari abinci sannan ta ja da baya kamar an tsorata ta. Akwai ciwon gaɓoɓi, wanda wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya gano alamunsa a hoton ƙashi na kashi 90 cikin 100 na kyanwoyin da suka haura shekara 12. Irin wannan kyanwa sai a ga ta daina hawa inda ta saba, a ce tsufa ne ko lalaci. Akwai kuma ciwon ƙullutun maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, wanda aka fara bayyana shi a kyanwa a 1979, mai sa tsohuwar kyanwa ta yi ta ci tana ramewa, ta kasa zama wuri ɗaya, ta yi ta kuka cikin dare. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma an daɗe ana zaton wannan bai shafi kyanwa ba. Amma a 2019 masana a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskarta, mai duba abu 5: yanayin kunnuwa, runtsewar ido, tamkewar baki, miƙewar gashin baki, da kuma yadda take riƙe kanta. Ashe fuskar tana magana, masu karatun ne ba a samu ba.

Da aka gwada fitsarin Toka sai aka tarar da jini a ciki, amma babu ƙwayar cuta, babu tsakuwa. Likita ta ce kumburin mafitsara ne, irin wanda ba a samun wani sanadi na zahiri gare shi, kuma shi ne ya fi yawa cikin matsalolin fitsari na kyanwoyin da ba su tsufa ba. An daɗe da lura cewa yana tashi ne bayan wani abu ya dagula wa dabbar zama. A 2011 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka buga sakamakon wani nazari da ya ba da mamaki. Sun ajiye kyanwoyi masu wannan ciwo da kuma lafiyayyu, suka tsara musu rayuwa daidai wa daida, sai alamun ciwon masu ciwo suka ragu ƙwarai. Amma duk lokacin da aka sauya mai kula da su, ko aka jirkita lokacin abinci, sai amai da ƙin cin abinci da bahaya ba bisa wuri ba su ƙaru, har a cikin lafiyayyun. Wato jiki da hankali a wurin kyanwa ba a raba su da wuƙa. Fargaba kan sauka a mafitsara, zafin mafitsara kuma ya ƙara fargaba, har ta ɗauka daron yashin ne ke cizonta, ta tafi neman wuri mai sanyi da santsi kamar bahon wanka.

A nan likita ta yi mana wani gargaɗi da muke ganin amana ce mu isar. Toka mace ce, hanyar fitsarinta gajeriya ce mai faɗi. Da muzuru ne, wanda tasa doguwa ce siririya, wannan kumburi na iya toshe ta gaba ɗaya. Muzurun da aka ga yana ta tsugunne yana yunƙuri fitsari bai fita, ba a kwana da shi a gida, domin ƙoda kan tsaya, kuma cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa.

To, me ya sa fenti da jan kujera za su yi wa dabba wannan illa? Sai mun koma ga abin da gida yake a wurinta. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta yankin Gabas ta Tsakiya, kuma a tsibirin Kuburus an tono kabarin da aka binne mutum da kyanwa kusa da juna shekara wajen 9,500 da suka wuce. Ɓerayen rumbunan manoman farko ne suka jawo ta kusa da mutum. Ba a horar da ita don ta bi umarni kamar kare ba, kuma har yau amincinta a wuri yake, wurin da ta san kowace kusurwa tasa. Sanin nan kuwa da hanci take yin sa. Goga kumatun da take yi wa ƙafar tebur da gefen ƙofa da ƙafafun baƙi ajiye wari ne, wanda mu ba mu ji, amma ita yake gaya mata cewa nan gida ne. A iya cewa shekara bakwai Toka ta yi tana rubuce gidan nan da sunanta, aka zo da buroshi aka shafe rubutun cikin kwana biyu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da muka fara lura da idon basira, sai muka gano cewa wani jibgegen muzuru na maƙwabta ya samu hanyar zuwa bakin tagar ɗakin karatu yana fesa fitsari, tunda yanzu babu kowa a ɗakin da rana. Wannan ya warware mana zancen ƙaurace wa taga, ya kuma warware na yakushin. Kyanwar da ta hango abokin gaba ta kasa kai masa, takan sauke fushin a kan duk wanda ya taɓa ta a wannan lokaci, ko da masoyinta ne. Yaron ya zo ne a kan gaɓa. Ga kuma ƙarar janareto da wani maƙwabci ya sayo a watan. Kunnen mutum yana tsayawa ne a sautin da ke karkarwa sau 20,000 a daƙiƙa, na kyanwa kuwa yana wuce 60,000. Gwaggo ta ce dabba tana ganin abin da ba mu gani. In da ta ce tana ji tana kuma sansanar abin da ba mu ji, da babu masanin da zai yi mata gardama.

Akwai wurin da ya kamata malamin adabi ya taka a hankali. Mu ne muke koyar da mutuntarwa, wato ɗora wa abin da ba mutum ba halin mutum, kuma mun san daɗinta a waƙa. A gida sai ta zama tarko. Mai cewa kyanwa ta yi fitsari a tabarma don ta rama abin da aka yi mata, mutuntarwa yake yi, kuma ita ce ke kai shi ga ɗaukar bulala. Haka nan mai cewa kewar 'yarmu ce kaɗai ta kwantar da ita, shi ma ya ɗan zarce, ko da yake nasa ya fi kusa da gaskiya. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Oregon a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 65 cikin 100 na kyanwoyin da aka gwada suna samun natsuwa a baƙon wuri in mai su yana kusa, adadin da ya yi kama da wanda ake samu ga jarirai. Saboda haka shaƙuwa akwai ta. Amma a ganinmu abin da Toka ta rasa ya haɗa da hannun da ke zuba abinci, da sa'ar da ake zubawa, da warin ɗaki, da mutumin da zamansa ke hana muzuru zuwa taga. Raba waɗannan ɗaya bayan ɗaya a ce ga wanda ya yi laifi, aikin banza ne.

Maganin da aka ba mu bai da yawa. An yi mata allurar rage zafi, aka kuma ja mana kunne cewa kada a kuskura a ba ta farasitamol, wanda wani abokin arziki ya riga ya ba da shawara, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya guda na iya kashe ta. Haka nan magungunan ƙwari masu sinadarin fametirin, irin waɗanda ake ɗiga wa karnuka don kaska, guba ne gare ta. Aka ce kuma kada a zuba mata ido in ta ƙi ci, a ce yunwa za ta koro ta, domin kyanwa mai jiki in ta yi 'yan kwanaki ba ci, kitse kan taru a hantarta ya zama wani ciwon da ya fi na farko. Sauran duk aikin gida ne. Aka ƙara daron yashi na biyu a wuri mai shiru, ana kwashewa kullum. Aka ajiye kwanonin ruwa a wurare uku, nesa da na abinci, aka riƙa jiƙa mata abincin da romo marar albasa, don albasa ma tana lalata mata jini. Aka toshe ƙasan tagar da kwali yadda ba za ta hangi muzurun ba, aka wanke inda ya yi fitsari. Aka sa mata kwali mai ƙofa a saman kabad, da tsohon mayafin 'yarmu a ciki. Autanmu ya karɓi aikin zuba abinci, bayan asuba da bayan magariba, ba gaba ba baya.

Abin da ya fi wuya shi ne a ƙyale ta. Dokar da aka kafa a gidan ita ce babu mai jawo ta daga maɓoya, babu mai tsawa, babu mai kafa mata ido, sai in ita ta zo. Mai ɗakinmu, wadda ita ke wanke tabarma, ta fi kowa cancantar yabo a nan. Da maƙwabciyar nan ta sake tayar da zancen buhu, sai ta tuna mata da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ta kuma ce kyanwar da ta shekara bakwai tana cin na kwano, kai ta daji da tsare ta a ɗaki duk ɗaya ne.

Jinin fitsari ya ɗauke cikin mako guda, kamar yadda likita ta ce yakan yi. Fitowa daga ƙarƙashin gado ta ɗauki kusan wata guda, kuma da dare ta fara, sai mu ji motsinta a falo tana bin ƙafafun kujeru tana goga kumatu. Gashin mara bai gama tsirowa ba sai bayan wata uku. A ƙarshen Disamba, da yaran unguwa suka fara fasa abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga na bukukuwan ƙarshen shekara, ciwon ya ɗan motsa, ta koma kwalinta kwana biyu, wanda ya tabbatar da abin da aka gaya mana cewa irin wannan ciwo yakan je ya dawo. Tun daga lokacin, duk Disamba mukan rufe tagogi da wuri mu kunna rediyo ƙasa ƙasa.

Tagar ɗakin karatu kuwa ba ta sake hawa ba, ko bayan da maƙwabtan suka tashi da muzurunsu aka cire kwalin. Ta zaɓi saman kabad ɗin littattafai, daidai kan jerin ƙamusoshi, inda take iya ganin ƙofa da taga gaba ɗaya.